Mu 'Yan Kallo Ne, Amma Me Mu Ke Gani a Bayan Gida?

Idan aka tare mai karanta wannan mujalla a hanya aka ce ya lissafo finafinai goma da wani jarumi ya fito a ciki, ba zai yi wata-wata ba, har sunan furodusa da wanda ya rera waƙoƙin zai haɗa maka. Idan kuwa ma'abociyar karatun littattafai ce, za ta faɗa maka sunan jarumar labari, da launin leshin da ta saka ranar ɗaurin aure, da irin motar da ango ya zo da ita. To, amma a ce wa ɗayan mu ya faɗi sunayen halittu goma da ke kwana su tashi a bayan ɗakin sa a wannan wata na Oktoba, ban da sauro da kyankyaso da ɓera. Nan za ka ga ana sosa ƙeya. Sauran duk sunan su ɗaya ne a bakin mu: ƙwaro. Shi kuma ƙwaro maganin sa ɗaya: feshi.

Tambayar da na ke so mu tattauna a wannan wata ita ce: shin akwai haƙƙi a kan mutum ya dubi abu, ya san shi, kafin ya yanke masa hukunci? Ko kuwa ya halatta mu hallaka duk abin da ba mu san amfanin sa ba, don kawai ƙarami ne kuma ba ya iya kai ƙara? Na san wani zai ce me ya haɗa mai sharhin fim da maganar ƙwari. Abin da ya haɗa mu shi ne kallo. Da ni da kai, mai karatu, kallo ne aikin mu. Idan har idon da ya shekara ya na kallon allo ba ya iya ganin abin da ke motsi a gindin katangar sa, ai ya kamata mu tambayi kan mu wane irin kallo mu ka koya.

Bari mu fara da abin da ke wurin. A Kaduna ruwa kan sauka daga wajen Afrilu ko Mayu, ya yi marka a Agusta da Satumba, ya ɗauke a cikin Oktoba. Abin da kan zuba a shekara ya kan kai wajen milimita 1,200. Makonnin nan da ke tsakanin ruwan ƙarshe da hazon farko, lokacin da damina ke bankwana kaka na shigowa, su ne lokacin da bayan gida ya fi cika da rai. Mu da ke zaune a ƙetaren kogi, daga Kakuri da Makera da Nasarawa zuwa Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, har yanzu gidajen haya da yawa su na da ɗan fili a baya: bishiyar mangwaro ko gwaiba, 'yan kunyoyin masara da matar mai gida ta shuka, kuɓewa da ta ƙosa, yakuwa, ga kabewa ta haye katanga.

Ka fito da sassafe kafin rana ta ɗaga. Raɓa ta jiƙa ciyawa sharkaf, domin sama ta fara washewa da dare, ƙasa na hucewa da sauri. Raɓar ce ke tona asirin gizo-gizo: saƙar da ba ka gani da rana, ga ta nan tsakanin karan masara da igiyar shanya, kowane zare da ɗigon ruwa a jiki. Ƙadandoniya na tafiyar ta a gindin katanga, ka na taɓa ta sai ta naɗe kamar gammo. Dodon koɗi na neman inda zai shige ya toshe bakin kwanson sa ya jira wata daminar. Kwaɗin da su ka hana unguwa barci a Agusta sun fara yin shiru, su ma wuri mai danshi su ke nema su fake. A kan ganyen ciyawa za ka ga 'yan ƙananan fara masu zanen baƙi da rawaya sun yi cincirindo, kuma kaji ba su cika damuwa da su ba, don wannan ado gargaɗi ne cewa jikin su da ɗaci.

Rana na ɗagawa sai zanzaro ya fara aiki, shi wanda siririn ƙugun sa ya ba mu kalmar da mu ke faɗa wa ɗan makaranta idan ya cusa riga cikin wando. Macen ce ke jidar laka daga bakin kwata, ta gina ɗan ɗaki a kusurwar bango, ta kamo gizo-gizo ko tsutsa ta harbe ta yadda za ta sume amma ba ta mutu ba, ta saka a ciki, ta yi ƙwai a kai, ta rufe ƙofa. Ta tanadar wa ɗan da ba za ta taɓa gani ba abincin da ba zai ruɓe ba. Sama da filin ƙwallo kuma mazari ne ke shawagi da yawa. Akwai wani nau'in sa mai ruwan ɗorawa da ake samu a kusan duk ƙasashe masu zafi, har da tamu, wanda ke bin ruwan sama duk inda ya nufa. A 2009 wani masanin halittu da ke zaune a tsibiran Maldibs, Charles Anderson, ya wallafa binciken da ya nuna ayarin wannan mazari na tashi daga Indiya ya ƙetare teku zuwa gabashin Afirka, tafiyar da ta haura kilomita 3,000 a kan ruwa. Ka ga tun kafin kaset ɗin fim ɗin Indiya ya iso nahiyar nan, ɗan ƙwaro ya riga ya san hanya.

Ka ɗaga kai sama, can ma canjin aiki ake yi. Shamuwa, wadda ta zo da albishir ɗin ruwa ta yi sheƙa a garuruwan arewa irin su Katsina da Maradi, ta cinye fara da tsutsa iya cin ta, yanzu ta kama hanyar kudancin Afirka inda damina ke shirin farawa. Shirwa kuma, da ta yi ƙaranci lokacin marka, ta dawo ta na zagaya sama, masu 'yan tsaki sun shiga uku. Da magariba gyare zai karɓi fage. Namijin ne ke gugar fiffike da fiffike, kuma waƙar soyayya ce ya ke yi, ba tare da fiyano ba.

Amma abin da ya fi ba ni abin tunani shi ne laimar kwaɗi, wadda ruwan ƙarshe kan fito da ita a jikin ruɓaɓɓen kututture ko kusa da suri. Jiya babu ita, yau ga ta, jibi ta narke. Abin nan mai kama da laima da mu ke gani, 'ya'ya ne kawai, aikin sa ya watsa iri a iska. Ainihin jikin halittar wani farin zare ne siriri da ya bazu cikin ƙasa ko cikin itace, ya na aiki wata da watanni ba mai ganin sa. Ita ba tsiro ba ce, ba kuma dabba ba. Masana sun ware mata gidan ta daban tare da funfuna da yis ɗin burodi. Ba ta yin abinci daga hasken rana kamar ganye. Matattun ganyaye da itace ta ke narkarwa ta maida su ƙasa mai taki. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshin ya san wannan tsari. Jarumi ne a kan fosta, shi ake nunawa da yatsa a titi, amma mai kyamara da edita da mai riƙe fitila da mai dafa wa 'yan wasa abinci su ne zaren da ke ƙarƙashin ƙasa.

Wadda ke fitowa a jikin suri kuwa labarin ta ya fi haka. Wasu nau'o'in gara manoma ne. Su kan tauno busasshiyar ciyawa da itace su kai cikin suri, su jera su kamar saƙar zuma, su shuka wannan halitta a kai. Ita ce ke narkar da abin da cikin gara ba zai iya narkarwa ba, sannan gara ta ci. An tono burbushin irin wannan gona a Tanzaniya, aka bayyana a 2016 cewa ta kai shekara miliyan 25. Maƙwabtan mu Gbagyi da mutanen kudancin jihar nan da yawa sun san wadda ake ci, su na sa ta a miya, sun kuma san wadda ba a taɓawa. Wanda bai gaji wannan sani ba kada ya gwada, don wasu nau'o'in kisa su ke yi. A yankin Tawa ta Nijar kuma, manoma kan haƙa 'yan ramuka a ƙasar da ta ƙeƙashe, waɗanda su ke kira tassa, su zuba taki. Takin ya jawo gara, gara ta huda hanyoyi a ƙasa, ruwan sama ya samu wurin shiga, gero ya tsiro inda aka fidda rai. Marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023, da irin wannan dabara ya maida fako daji har duniya ta san shi. Garar da mu ke tsine wa idan ta ci azarar rufi, a can ma'aikaciya ce da ba a biya.

To, me mu ke yi da wannan duniya da ke bayan gida? Kowa ya sani. Da ciyawa ta ɗan tashi sai a kira yaro mai goyon tankin feshi, ya bi ko'ina da maganin ciyawa, bayan kwana uku wuri ya koma ja kamar an yi gobara. Da dare a yayyafa piya-piya a ɗaki da tsakar gida. Ganyen da ya zube a tara a cinna masa wuta. Wanda ya samu kuɗi kuma sai ya sare mangwaron, ya malale filin da siminti ko intalok, ya ce gida ya yi tsabta. Babu wanda ya tsaya ya tambayi waye da waye ke zaune a wurin kafin a tashe su.

Hujja ta farko da za a iya kawowa a kan wannan ɗabi'a ita ce ta amfani: sau da yawa ba mu sanin aikin halitta sai ta tafi. Manyan mu su na tuna lokacin da ungulu ke jeruwa a rufin mayanka da kasuwa. Yau yaro zai girma a Kaduna da wuya ya ga ɗaya. Guba da farautar sassan jikin ta don haɗa magani sun ci ta, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin tamu ta cikin gari a jerin masu dab da ƙarewa. Mummunar tsuntsuwa mai sanƙo, wa ya damu? Mu tambayi Indiya. A shekarun 1990 makiyaya a can su ka riƙa ba shanu maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Duk ungulun da ta ci mushen irin wannan saniya sai ƙodar ta ta lalace. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in su ka mutu, kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi su ka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓata. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun wallafa a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Haka a ƙasar Sin, a 1958 gwamnatin Mao ta shelanta yaƙi da tsuntsun gwara don ya na cin hatsi. Aka kashe miliyoyi. Fara da tsutsar da gwarar ke ci su ka samu sake, abin ya ƙara wa yunwar 1959 zuwa 1961 tsanani, kuma a 1960 aka cire gwara daga jerin abokan gaba.

Hujja ce mai ƙarfi, amma ni dai ba ta ishe ni ba. Idan dalilin barin abu ya rayu shi ne ya na yi mana aiki, ke nan rai ya zama albashi: ranar da aiki ya ƙare, zama ya ƙare. Mutanen Kakuri sun fi kowa sanin ɗacin wannan lissafi. Masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, dubban magidanta su ka wayi gari an ce ba a bukatar su, wasu su ka shekara da shekaru su na bin haƙƙin su. Mutumin da ya yi shekara talatin a gaban injin saƙa bai rage daraja ba ranar da injin ya tsaya. Duk wanda ya yarda da wannan game da mutum, ya riga ya yarda cewa amfani ba shi ne ma'aunin ƙarshe ba.

Addinan da mu ke bi a garin nan sun rigaye mu zuwa wurin. Surori uku na Alƙur'ani sunan ƙananan halittu su ke ɗauke da shi: ƙudan zuma, tururuwa da gizo-gizo. A ƙissar Annabi Sulaiman, tururuwa ce ta gargaɗi 'yan'uwan ta su shige gida kada runduna ta tattake su ba tare da ta sani ba, shi kuma ya ji ta, ya yi murmushi. Ka lura, sarkin da aka ba mulkin da ba a ba kowa ba, ya na cikin tafiya da runduna, amma ya ji muryar abin da ke ƙarƙashin ƙafa. A cikin hadisan Buhari da Muslim akwai labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidan su duka, Allah ya yi masa faɗa a kan hallaka al'umma guda saboda laifin ɗaya. Maƙwabtan mu Kirista ma a littafin Karin Magana an tura rago wurin tururuwa ya je ya koyi hikima. Duk wuraren nan abu ɗaya su ke nunawa: waɗannan halittu al'umma ne masu rayuwar kan su, akwai kuma Mai su, kuma mu ba mu ne Mai su ba.

Yanzu bari mu saurari mai gardama, don ya na da gaskiyar sa. Zai ce: Malam, daɗin baki ka ke yi. Wannan lokaci da ka ke yabo shi ne lokacin da asibitoci ke cika da yara masu zazzaɓin cizon sauro. Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayyanawa. Ciyawar da ka ce a bari, a cikin ta maciji ke kwanciya, kuma lokacin girbi ne kububuwa ke sarar manoma. Kunama fa? Garar da ta ci min ƙofa fa? Funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe ba, wadda gubar ta ke jawo ciwon hanta fa? Uwar da ta binne ɗa saboda sauro, za ka ce mata ta tsaya ta yi kallon mazari?

Ba zan ce mata haka ba. Ran yaro ya fi ran sauro, babu mai hankalin da zai yi musu. Kare kai halal ne, wani lokaci ma wajibi. Abin da na ke cewa shi ne a san wanda ake yaƙa. Nau'o'in sauro a duniya sun kai 3,500, amma macen jinsi ɗaya, Anofilis, ita ke yaɗa zazzaɓin. A ruwan da ya kwanta ta ke ƙwai, kuma cikin mako guda zuwa kwana goma ƙwan ya zama sauro mai tashi. Wanda ya san haka zai cike kududdufi, ya kife gwangwani da tsohuwar taya, ya yashe kwata, ya rataya gidan sauro, ya kai yaro a ba shi maganin riga-kafin da ake rabawa wata-wata a damina. Wanda bai sani ba zai feshe fili duka, ya kashe mazarin da tsutsar sa ke cin tsutsar sauro a ruwa, da gizo-gizo, da kwaɗo. Bayan mako biyu sauro ya dawo, domin ya fi su saurin haihuwa, masu cin sa kuwa ba su dawo ba. Gubar ma ba ta tsaya a kan ƙwari ba. Sinadarin dichlorvos da ke cikin piya-piya, shi aka samu ya yi yawa a waken Nijeriya har Tarayyar Turai ta hana shigar da shi a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben sa a kasuwa. Yanzu da kaka ta zo za a fara ajiye wake, wannan magana ta shafi tukunyar kowa.

Saboda haka amsa ta ga tambayar ita ce e, akwai haƙƙin. Wanda zai kashe, ya san sunan abin da zai kashe, ya san laifin sa, ya tsaya a kan mai laifin. Abin da bai cuce ka ba, rashin sanin amfanin sa jahilcin ka ne, ba laifin sa ba.

A nan ne maganar ta iso gidan mu na fim da adabi. Tun daga Turmin Danya na 1990, zuwa zamanin Sangaya da Wasila, zuwa finafinai masu dogon zango da ake sakawa yau a YouTube da Arewa24, wane lokaci na shekara labaran mu ke faruwa? Yawanci babu. Falo ne, mota, ofis, sai lambun otal don rawa da waƙa. Ruwan sama sai na tiyo. A littattafai za a cika shafi uku da siffanta kujeru da labule, amma da wuya ka ji ko marka ake ko hunturu. Mu da mu ke cewa Indiya mu ke koyi da su, mu duba Pather Panchali na Satyajit Ray, fim ɗin 1955. Ana dab da saukar damina, Ray ya ajiye 'yan wasa gefe, ya kafa kyamara a kan tafki: ƙwari na gudu a saman ruwa, mazari na sauka, iska na kaɗa ganyen bado, kiɗan Ravi Shankar na tashi. Mai kallo ya saki jiki. Sai ruwan ya sauko, yarinyar gidan, Durga, ta yi wasa a ciki, ta kamu da zazzaɓin da ya zama ajalin ta. Waɗancan ƙwari su ne su ka sa mutuwar ta yi zafi, don sun nuna maka daɗin duniyar da za ta bari. A 1996 kuma Faransawa biyu, Claude Nuridsany da Marie Pérennou, su ka fito da Microcosmos, fim ɗin da 'yan wasan sa duk ƙwari ne na wani fili guda, kusan ba magana a ciki. Akwai inda buzuzu ke tura dunƙulen kashi, ya soke a tsinke, ya tura, ya haƙa, ya sake turawa har ya ciro shi. Wallahi za ka ji ka na ba shi goyon baya fiye da jaruman da yawa.

Kakannin mu ba su da kyamara, amma sun iya kallo. Wanda ya ce idan tururuwa ta tashi lalacewa fiffike ta ke yi, ya zauna ya ga masu fiffike sun fito bayan ruwa, ya ga tsuntsaye da ƙadangaru sun yi biki a kan su. Wanda ya kawo maganar ƙadangaren bakin tulu, ya san halin ƙadangare, ya kuma san halin mutane. Matan da su ka aurar wa Gizo da Ƙoƙi a tatsuniya daga bayan ɗaki su ka ɗauko jaruman su. Sanin ƙananan abubuwa shi ya ba su sanin mutum.

Marubucin da bai saba duba abu ɗaya-ɗaya ba, haka zai yi wa mutanen labarin sa. Kishiya kullum muguwa, uwar miji kullum 'yar bin boka, ɗan ƙauye kullum wawa, wanda ba Bahaushe ba kuma ana sako shi ne don a yi dariyar Hausar sa. Suna ɗaya ga kowa, hukunci ɗaya ga kowa. Wannan kasala ce, kuma a Kaduna mun san farashin ta. Bayan rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002, mutane su ka kwashe kaya, wasu su ka haura arewacin kogi, wasu su ka gangaro kudu, har aka samu yaran da su ka girma ba su san mutanen ɗaya ƙetaren ba sai da suna ɗaya na jimla. Duk wanda ya kalli Hotel Rwanda na 2004 zai tuna cewa kafin adda ta fara aiki a 1994, da lokacin da ta ke aiki, gidan rediyon RTLM kyankyasai ya ke kiran 'yan ƙabilar Tutsi. Sun san abin da su ke yi. Sun san cewa da zarar an kira abu ƙwaro, mutane sun daina tambayar sunan sa da laifin sa.

Kada a fahimce ni baibai. Ban ce mai fesa maganin ciyawa zai zama mai kisan kai ba, kuma ban haɗa ran mutum da na gyare ba. Abin da na ce shi ne ɗabi'ar ido ɗaya ce, kuma ana koyon ta ne tun daga ƙananan abubuwa. Yaron da aka koya wa bambanta zanzaro da rina, ya san wanda ke bin mutum da harbi da wanda ke harkar gaban sa, an koya masa ya tsaya ya duba kafin ya ɗaga hannu. Wannan tarbiyya ce da ba ta bukatar kuɗin makaranta.

Abin yi ba shi da yawa. Mai gida ya share bakin ƙofa da hanyar bayi don maciji da kunama, amma ya bar kusurwa ɗaya a gindin bishiya ba feshi ba wuta, ganye ya ruɓe a wurin, baɗi ya ga yadda kuɓewar sa za ta yi. Iyaye su tambayi tsofaffin gida sunayen waɗannan halittu tun su na raye, har da sunayen su a Gbagyi da sauran harsunan maƙwabta, domin suna idan ya ɓata sanin ma ya bi shi. Marubutan mu su gaya mana watan da labarin su ke faruwa, da abin da ke kuka a waje lokacin da jaruma ta kasa barci. Daraktoci kuma, yanzu da wayar hannu ma ke iya ɗaukar ɗigon raɓa a kan zaren gizo-gizo, uzurin rashin kayan aiki ya ƙare. Daƙiƙa goma kawai mu ke roƙo. Garin nan daga sunan kada ya samo sunan sa, ga shi yawancin yaran sa ba su taɓa ganin kada a kogin ba. Nan da 'yan makonni hazo zai sauko, ciyawa ta bushe, mafi yawan waɗannan maƙwabta su shige ƙasa sai baɗi. Wanda ke son ganin su, yanzu ne lokacin. Allah ya ba mu ikon duba abu kafin mu hukunta shi, amin.